Ƙasar Sinim da Annabi Ishaya ya ambata: Sin ce ko Aswan?

Kamar yadda muka saba, mun zuba abin da aka tattauna a shirin wannan karon a takarda, saboda wanda bai samu sauraro ba, da wanda ya kunna rediyo amma iska ta kwashe masa rabin maganar, da kuma wanda yake so ya zauna ya bi ta a tsanake. Maganar tamu a kan sunan wuri ɗaya ce, sunan da sau ɗaya tak ya fito a dukan littattafan Ibraniyawa masu tsarki, amma ya haɗa malamai gardama ta ɗaruruwan shekaru. Sunan shi ne Sinim.

Idan ka buɗe littafin Annabi Ishaya, sura ta 49, aya ta 12, za ka tarar ana maganar mutanen da aka warwatsa da ranar da za su komo gida. An lissafa wurare huɗu da za su fito. Na farko ba a kama sunansa ba, nesa kawai aka ce. Na biyu arewa, na uku yamma. Na huɗun ne aka kira da suna, aka ce ƙasar Sinim. Ba a ƙara ko kalma ɗaya ta bayani ba, alamar cewa waɗanda aka fara karanta wa sun san wurin. Mu da muka zo daga baya ne muka rasa kansa.

To, kai da kake jin Hausa, mun san inda hankalinka ya tafi. A Ibrananci, "im" a ƙarshen suna aikinsa ɗaya da "awa" a Hausa: Kano, Kanawa, Gobir, Gobirawa. Ke nan in ka juya Sinim, Sinawa za ka samu. Su wa muke kira Sinawa? Mutanen ƙasar Sin mana, masu ƙera wayar da ke aljihunka da babur ɗin da ya kai ka kasuwa. Har ma a Ibrananci na zamani, in mutum ya ce Sinim, 'yan Caina yake nufi. Shi ke nan an gama magana? Dakata tukuna. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Da wa ake magana?

Kafin ka nemi wuri a taswira, sai ka fara sanin wa ake yi wa maganar. Wajen shekara ta 586 kafin Miladiyya, sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila suka ci Urushalima, suka ƙone Haikali, suka kwashi mutanen Yahuda zuwa Babila, wato cikin Iraƙi ta yau. Cikin waɗanda suka rage, wasu suka tsorata suka tsere Masar, har suka tafi da Annabi Irmiya. Surori na 40 zuwa 55 na littafin Ishaya da waɗannan mutane suke magana. Har an kama sunan Sairus, sarkin Farisa wanda ya ci Babila a shekara ta 539, ya ba su izinin komawa ƙasarsu.

Malaman da suka riƙe fahimtar gargajiya sun ce Ishaya na ƙarni na 8 ne ya hango wannan tun kafin ya faru. Masu bincike na zamani da yawa kuma sun ce wani annabi ne da ya zauna cikin bautar ya yi maganar, aka haɗa ta da littafin Ishaya. Wannan gardama ce dabam, ba ita ce tamu ta yau ba. Ko wanne ka ɗauka, waɗanda ake lallashi dai su ne mutanen Yahuda da yaƙi ya raba da gida.

Sura ta 49 ɗin kanta hoton ayari ce. An buɗe wa ɗaurarru ƙofa, an gyara hanya, akwai ruwa da abinci a kan tafarki, rana ba za ta ci su ba. Bayan ayarmu kaɗan sai birnin Sihiyona ya yi kuka kamar matar da aka yasar, aka ba shi amsa da misalin uwa da jaririn da take shayarwa. Ka ga inda aya ta 12 ta faɗo: tsakanin hanya da kukan uwa. Tambayar da take amsawa ita ce, ina 'ya'yan suke, ta ina za su ɓullo? Saboda haka ka riƙe wannan ma'auni, za mu auna kowace amsa da shi. Sinim dai wuri ne da ke da mutanen Yahuda, wanda kuma mai sauraro zai ji sunansa ya gane.

Akwai wani abu kuma. Kalmar da aka fassara yamma, a Ibrananci "yam" ce, wato teku, domin Bahar Rum a yamma da ƙasarsu yake. To an ambaci arewa, an ambaci yamma. Saura gabas da kudu. In "nesa" ɗin nan na farko Babila da gabas ake nufi, Sinim ta zama kudu. In kuwa kudu ake nufi da shi, Sinim ta zama gabas. A nan hanya ta rabu biyu.

Abin da masu cewa Sin suka riƙe

Kada ka ɗauka masu cewa Caina 'yan shaci-faɗi ne. Cikinsu har da Wilhelm Gesenius, Bajamushen da ya rasu a 1842, wanda ƙamus ɗinsa da nahawunsa na Ibrananci suka zama tushen karatun harshen a Turai. Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa. Baƙaƙen sunan sun dace. Larabawa suna cewa As-Sin, inda mu ma muka aro tamu kalmar. Mutanen Indiya na dā suna cewa Cina. Masanin ƙasa Batlamus, a ƙarni na 2 Miladiyya, ya rubuta Sinai yana nufin mutanen can ƙarshen gabas. Kuma in ana neman wurin da ya fi ko'ina nisa, ina ya kai Sin? Mu ma ai in za mu kwatanta nisa, ko a zancen neman ilmi, Birnin Sin muke ambata.

Sa'an nan ga shi an taɓa samun Yahudawa a Caina da gaske. A birnin Kaifen sun gina majami'a a shekara ta 1163. A 1605 ɗaya daga cikinsu ya je Beijin ya sadu da wani limamin Katolika ɗan Italiya, Matteo Ricci, labarinsu ya bazu a Turai. Da ƙarni na 19 ya zo, masu wa'azin Kirista daga Ingila da Amurka suka kwarara zuwa Caina, suka ɗauki ayar nan a matsayin alkawarin da aka yi musu. "Ƙasar Sinim" ta zama sunan da ake sa wa littattafai da rahotannin aikinsu. Mutane sun bar iyayensu, sun yi watanni a teku, wasu ba su komo ba, da wannan fahimtar a ransu. Ka ga ba ƙaramin abu ba ne fassarar suna ɗaya.

Inda hujjar ta yi rauni

Matsalar ta farko lokaci ce. Yawancin masana suna ganin sunan Sin ya samo asali ne daga masarautar Cin, wadda ake rubutawa Qin. A zamanin bautar Babila, ita ɗaya ce kawai cikin masarautu masu yawa da ke ta fama da juna a can. Sai a shekara ta 221 kafin Miladiyya ta haɗe su a ƙarƙashin sarki ɗaya, wato fiye da shekara 300 bayan Sairus ya ci Babila. Hanyar fataucin siliki da ta haɗa Caina da yamma sosai kuwa, sai bayan da daular Han ta tura jakadanta yamma a shekara ta 138 ta fara kankama. Yahudawan Kaifen kuma, tsakaninsu da ayar nan shekara fiye da 1,500 ce.

Bari mu kawo maka misali na kusa. Wani malamin Andalus, Al-Bakari, ya rubuta labarin ƙasar Gana wajen shekara ta 1068, da sarkinta da zinariyarta. In yaro ya karanta yau ya ce ai Akkara da Kumasi ake nufi, ya yi kuskure, ko da yake sunan ɗaya ne. Tsohuwar Gana tana can tsakanin Muritaniya da Mali na yanzu. Ƙasar da muke kira Gana a 1957 ta ɗauki sunan. Haka Jamhuriyar Benin: Dahome ce har 1975, alhali tsohuwar masarautar Bini a Nijeriya take. Suna yana tafiya, yana sake gida. Shi ya sa ba a tambayar abin da kalma take nufi a bakinmu yau, sai abin da take nufi a bakin wanda ya faɗe ta. Ibrananci na zamani da ke kiran Caina Sin, daga baya can ya samu wannan ma'anar.

An gwada wasu wuraren ma. Akwai Jejin Sin da Isra'ilawa suka ratsa a zamanin Annabi Musa, amma jeji ne, ba mazaunin bayi ba. Akwai wata ƙabila, Siniyawa, cikin zuriyar Kan'ana a littafin Farawa, amma su a arewa suke, kusa da gida, an kuwa riga an ambaci arewa. Akwai wani gari mai suna Sin a bakin Masar ta arewa maso gabas, wanda Annabi Ezekiyel ya ambata, Girkawa suna kiransa Felusiyum. Wannan ya fi sauran dacewa, sai dai shi ne ƙofar Masar da ta fi kusa da Yahuda, ga shi kuwa ayar nisa take kwatantawa.

Me tsofaffin masu fassara suka yi?

Da za ka tambayi waɗanda suka fi mu kusa da zamanin, babu ko ɗaya da ya ce Caina. Yahudawan Masar da suka juya littafin zuwa Girkanci wajen ƙarni na 2 kafin Miladiyya sun sa ƙasar Farisawa. Wato sun kalli gabas, amma gabas ɗin da suka sani. Wannan kuma ya nuna maka cewa tun a lokacin sunan ya fara shige wa mutane duhu. Fassarar Aramiyanci da ake karantawa a majami'u, wadda ake kira Targum, ta ce ƙasar kudu. Jerom, malamin da ya zauna a Baitalami ya fassara littafin daga Ibrananci zuwa Latin wajen shekara ta 400 Miladiyya, shi ma kudu ya sa.

Ga wani abin dariya a nan. Kalmar Latin ta kudu ita ce "australis", daga gare ta aka samo sunan Ostareliya. Sai wasu a zamaninmu suka ga kalmar a fassarar Jerom, suka ce ashe Ostareliya annabi yake nufi! Ka ga kama da wane ta sake yin aikinta. Jerom ya rasu fiye da shekara 1,000 kafin Baturen farko ya ga gaɓar ƙasar.

Harafi ɗaya daga cikin kogo

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san babbaƙu, ya san farfaru. Ana fara koyon baƙaƙe zalla, daga baya a sa musu wasulla. To Ibrananci na dā babbaƙu ne kawai ake rubutawa, mai karatu ne ke sa wasalin da bakinsa. Sai tsakanin ƙarni na 7 da na 10 Miladiyya wasu malamai, waɗanda ake kira Masoret, suka ƙirƙiro ɗigogin wasulla suka kafa karatu ɗaya. Cikakken kwafi mafi tsufa na aikinsu, wanda ke ajiye a birnin San Fitasbag na Rasha, a 1008 aka rubuta shi. A ciki sunanmu baƙi biyar ne: s, y, n, y, m.

Ka lura da baƙi na biyu. Ibraniyawa suna da "yod", ɗan'uwan ya na Larabci, suna da "waw", ɗan'uwan wau. A rubutunsu, yod ɗan gajeren layi ne da ke rataye a sama. Waw kuwa shi ne dai wannan layin, amma an ja shi ƙasa. Bambancinsu tsawon ƙafa ne kawai. A hannun marubuta da yawa na dā, da ƙyar ake raba su. In tawada ta ƙare wa alƙalami, ko fata ta goge, waw ya koma yod. Tun kafin a sami wata shaida a hannu, wasu masana sun yi zargin haka ta faru a nan. Suka ce in ka mai da yod ɗin waw, za ka sami s, w, n, wato Sewene, garin da Annabi Ezekiyel ya ambata sau biyu, a sura ta 29 da ta 30. Amma zargi zargi ne, ba wanda ya taɓa ganin kwafin da ya rubuta haka.

Sai a wajen 1947 wasu makiyaya Larabawan ƙauye suka shiga wani kogo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, suka tarar da tuluna, cikinsu naɗaɗɗun littattafai na fata. Ɗaya daga ciki littafin Ishaya ne, dukan surori 66, tsawonsa ya ɗara mita 7, an rubuta shi wajen shekara ta 125 kafin Miladiyya. Wato ya girmi wancan kwafi na Rasha da fiye da shekara 1,000. Da aka zo sura ta 49, aya ta 12, sai ga waw a mazaunin yod: s, w, n, y, y, m. In ka juya shi zuwa Hausa, Sewenawa ke nan, mutanen Sewene.

Daga nan fassarori suka fara sauyawa. Tsohuwar fassarar Ingilishi ta Sarki Jemis, ta 1611, Sinim ta bari yadda yake. Wata sananniyar fassara da ta fito a 1952 ta sa Syene, yadda Girkawa ke kiran garin. Wasu na baya suka sa sunansa na yau kai tsaye, Aswan. Saboda haka ka duba wadda ke hannunka, ko ta Hausa ce, ko ta Faransanci, ko ta Larabci. In ka ga maƙwabcinka tasa ta ce Sinim taka ta ce Aswan, ba wani ne ya ci amana ba, tsawon ƙafar harafi ɗaya ne ya raba su.

Gaskiya dai tsufa kaɗai ba ya zama hujja. Marubucin Kumran ma mutum ne, akwai wuraren da ya yi kuskure, kuma ba mamaki shi ne ya ga sunan da bai gane ba ya gyara shi zuwa wanda ya sani. Abin da ya ba karatunsa nauyi shi ne ya haɗu da wasu shaidu da ba su san da zamansa ba: Targum da Jerom da suka ce kudu, Ezekiyel da ya san garin, da kuma abin da aka tono a garin kansa. Wannan na ƙarshen shi ne ya kai mu ga ma'aunin da muka ce ka riƙe.

Su wa ke zaune a Sewene?

Aswan tana bakin Kogin Nilu, can kudancin Masar, tafiyar fiye da kilomita 800 daga Alƙahira. 'Yan'uwanmu na Sudan sun san ta, don ita ce ake fuskanta in an taso daga Wadi Halfa, kuma nan ne babbar madatsar ruwan da aka kammala a 1970. A zamanin dā, a nan ruwan Nilu ke karo da duwatsu, jirgi ba ya wucewa cikin sauƙi, don haka nan Masar ta ƙare, ƙasar Kush ta fara. In Ezekiyel zai ce Masar gaba ɗayanta, sai ya haɗa Migdol ta arewa da Sewene ta kudu, kamar ɗan Nijar ya ce daga Gaya har Bilma. Ga mutumin Yahuda, Sewene ce ƙarshen ƙasar Masar ta wajen kudu.

Sunan kuwa na Masarawa ne, kuma masana da dama suna danganta shi da kalmarsu ta ciniki. Ke nan kamar a ce Kasuwa. Ya kuwa dace, don nan ne hauren giwa da zinariya da fatu da katakon kudu ke shigowa. Girkawa suka mai da shi Syene, Kibɗawa suka ce Suwan, Larabawa suka ce Aswan. Tsakiyar kogin, daura da garin, akwai wani ɗan tsibiri da Masarawa ke kira da sunan giwa, Aramiyawa suna cewa Yeb, Turawa Elefantin.

A ƙarshen ƙarni na 19 manoman wurin suka fara fito da wasu tsofaffin takardu na fafiras, wato takardar da Masarawa ke yi da wata ciyawar bakin kogi, suna sayar wa baƙi. Tsakanin 1906 da 1908 Jamusawa suka yi tono a tsibirin, suka sami wasu da yawa. Da aka karanta, sai ga abin da ba wanda ya zata: unguwar Yahudawa ce guda, ta ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Sojojin haya ne da ke tsaron iyaka wa sarkin Farisa, da matansu da 'ya'yansu, an kasa su ƙungiya-ƙungiya, kowace da tutarta. Aramiyanci suke rubutawa, amma sunayensu na Ibraniyawa ne. A wata takarda a kira mutum Bayahuden Yeb, a wata kuma a kira shi dai Ba'aramiyen Sewene. Akwai takardun aure da aka lissafa sadaki da kayan amarya ɗaya bayan ɗaya, har da sharaɗin cewa mace ma tana iya neman rabuwa. Akwai na bashi, na gado, na cinikin gida. Akwai wasiƙar shekara ta 419 da ke gaya musu ranakun idin abinci marar yisti.

Wanda ya taso a zango, ko a Kumasi ko a Yawunde ko a bakin Nilu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mutane ne da suka yi ƙarni a ƙasar wasu, harshensu ya sauya, sun yi auratayya da 'yan ƙasa, amma sunan da suke raɗa wa 'ya'yansu na gida ne, kuma in abu ya yi tsanani gida suke rubuta wa.

Abu ya kuwa yi tsanani. Suna da nasu haikalin na Ubangiji, wanda suke kira Yahu, kusa da na Kunum, gunkin Masarawa mai kan rago. A shekara ta 410, lokacin da gwamnan Farisa ya yi tafiya, firistocin Kunum suka haɗa kai da hakimin wurin, aka kawo sojoji daga Sewene aka rushe haikalin Yahudawa, aka kwashe kwanonin zinariya da azurfa. Masana da dama suna ganin yankan raguna a maƙwabtan gunkin rago yana cikin abin da ya hura wutar. Suka rubuta wa babban firist na Urushalima, Yohanan, shiru, ba amsa. Ba abin mamaki ba ne ƙwarai, don shari'ar Kubawar Shari'a wuri ɗaya ta yarda a yi hadaya, kuma takardun sun nuna ibadar mutanen Yeb ta cuɗanya da sunayen wasu alloli. Shekara uku suna makoki, suna azumi, ba shafa mai, ba shan ruwan inabi. A 407 shugabansu Yedaniya ya sake rubutawa, wannan karon zuwa ga Bagohi, gwamnan Yahuda, da 'ya'yan Sanballat na Samariya. Amsa ta zo: a sake ginawa, a miƙa gari da turare. Ba a ambaci hadayar dabba ba.

A cikin wasiƙar nan ta 407 akwai maganar da ta fi shafar tambayarmu. Sun ce kakanninsu ne suka gina haikalin tun zamanin sarakunan Masar, kuma da Kambisis na Farisa ya ci ƙasar, a tsaye ya same shi. Kambisis kuwa a 525 ya shiga Masar. Ke nan tun kafin wannan shekarar akwai Yahudawa a bakin Sewene, kusan daidai lokacin da surorin lallashin nan suke magana a kai. Irmiya ma, a sura ta 44, ya ambaci Yahudawan da ke zaune a Fatros, wato kudancin Masar. To auna da kanka. Wurin da ke da mutanen Yahuda? Akwai. Sunan da mai sauraro zai gane? Ezekiyel ya nuna an san shi. Kusurwar da ta rage a lissafi? Kudu. Nisa? Ƙarshen iyaka.

Abin da za ka tafi da shi

Har yau akwai masu riƙe da cewa Sin ce, musamman cikin Kiristocin Caina da ayar ta daɗe tana ƙarfafa wa zuciya, kuma ba wanda zai raina abin da mutum ya jingina da shi a lokacin wuya. Amma in tambayar ita ce wane wuri aka nufa ranar da aka fara faɗin maganar, nauyin shaida ya karkata ga Aswan, kuma a nan yawancin masana na yau suka tsaya.

Wani zai ce, kai, an rage wa ayar girma, daga babbar daula an koma ɗan tsibiri. Ka sake dubawa. Waɗanda ke can bakin duwatsun Nilu ba manyan kowa ba ne. Sojojin haya ne masu cin albashin sarkin wasu, waɗanda jikokinsu za su rubuta wa Urushalima a ƙi ba su amsa. Amma da aka zo ƙidayar 'ya'yan da za su komo, arewa da yamma kusurwa kawai aka kira, su ne aka kama sunan garinsu. Kuma garin a nan nahiyarmu yake, a bakin kogin da wasu daga cikin masu karanta wannan takarda suke shan ruwansa.

Sa'an nan ka tafi da dabarar kanta, don za ta yi maka amfani a wasu wuraren. Duk ranar da wani ya zo maka da suna daga tsohon littafi ya ce ga ƙasar kaza, ko ga ƙabilar kaza, saboda sautin ya yi kama, ka yi masa tambaya uku. A lokacin da aka rubuta, ana kiran wurin da wannan sunan? Waɗanda aka rubuta wa, sun san shi? Tsofaffin kwafi da tsofaffin masu fassara, me suka ce? In ya amsa ukun, ka saurare shi. In ya kasa, ka ba shi labarin Gana da Ostareliya.

A nan za mu dasa aya. Wanda ke da tambaya, ko wani sunan da ya daɗe yana shige masa duhu, ya aiko mana ta hanyar da aka saba, za mu duba shi a shiri na gaba in Allah ya kai mu.